Yadda Ake Kwashe Waƙoƙin Faifan Garmaho Zuwa Kwamfuta, da Inda Ya Kamata a Daidaita Sautin

Tambayoyi biyu ake ta maimaita mini game da faifan garmaho. Ta farko ita ce yadda mutum zai mayar da abin da ke cikin faifansa fayil a kwamfuta ba tare da sautin ya lalace ba. Ta biyu ta fi rikita mutane: daidaita sautin nan da ake kira RIAA, a na'ura za a yi shi kafin sauti ya shiga kwamfuta, ko a bari sai ya shiga sannan manhaja ta yi? Zan bi aikin daki-daki. Amsar tambaya ta biyu tana mataki na 4, amma kada ka tsallake na gabansa, don tsabtar faifai da lafiyar allura sun fi wannan zaɓin tasiri a kan abin da kunnenka zai ji.

1. Tara kayan aiki

Kana buƙatar na'urar juya faifai mai lafiyayyar allura, da akwatin fono, wato ƙaramar amfilifayar da ke ɗaga raunannen sautin da allura ke fitarwa, da akwatin sauti mai shiga ta USB wanda zai mayar da sautin lambobi, sai kwamfuta da hedifon. Manhajar Audacity kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ta isa a yi aikin daga farko har ƙarshe. VinylStudio ta kuɗi ce, amma tana sauƙaƙa raba waƙoƙi da sa musu suna.

Idan kuɗinka kaɗan ne, fara kashe su a kan allura. Bayan ta akwatin fono, akwatin USB ya zo na ƙarshe, domin ko masu araha na yanzu sun fi faifan kansa tsabtar sauti nesa ba kusa ba. Allurar da ta cinye ba sauti kaɗai take ɓatawa ba, tana kankare tsagin faifan ne a duk zagaye, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. In ka gaji na'urar ne ko ka saye ta hannu na biyu, canja allurar kafin ka ɗora mata faifan da kake ji da shi.

Ƙananan kaya uku ba su da tsada amma ba a yi sai da su: ma'aunin nauyin allura, burushin share faifai mai gashin kabon, da ɗan burushin allura.

Gargaɗi: na'urorin juya faifai masu wayar USB a jikinsu galibi sun riga sun daidaita sautin a ciki, kuma da yawansu a bit 16 suke tsayawa (bit shi ne ma'aunin zurfin bayanin sauti da fayil ke iya riƙewa). Suna aiki, sai dai sun riga sun yanke maka hukuncin mataki na 4.

2. Wanke faifan

Duk ƙurar da ka bari a tsagi za ta shiga fayil ɗinka a matsayin ƙas-ƙas, kuma minti biyar na wanki ya fi awa guda na gyara a manhaja. Yi amfani da tataccen ruwa marar gishirin ma'adinai, tare da ruwan wankin da aka yi don faifai, ka bi tsagin a zagaye da tattausan ƙyalle ko burushi. Kada ka goga daga tsakiya zuwa baki. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ka ɗauraye, ka jingine shi ya bushe sarai kafin allura ta hau. Mai tarin faifai da yawa zai ci ribar injin wanki mai zuƙe ruwa, wanda ke janye dattin daga ƙasan tsagi maimakon ya bar shi ya sake bushewa a ciki.

Gargaɗi: tsofaffin faifai masu gudun 78, wato zagaye 78 a minti, yawanci da shelak aka yi su, kuma sinadarin alkohol yana narkar da shelak. Duba abin da ke cikin ruwan wankin kafin ka zuba musu.

3. Saita na'ura da allura

Ajiye na'urar a kan abu mai ƙarfi da ba ya girgiza, ka tabbata ba ta karkata ba. Auna nauyin da allura ke sauka da shi. Yawancin kawunan allura suna neman tsakanin giram 1.5 zuwa 2.5, amma ka bi adadin da kamfanin da ya ƙera naka ya rubuta. Mutane da yawa suna rage nauyin da nufin tausaya wa faifai, alhali allurar da ba ta zauna daram ba tsalle take yi tana dukan bangon tsagi, ɓarnarta ta fi ta mai ɗan nauyi. Maɓallin da ke hana hannun allura zamewa zuwa tsakiya, ka sa shi daidai da lambar nauyin.

Sannan ka duba zaman kan allurar da takardar awo da ake zura wa a sandar tsakiya. Idan ya karkace, waƙoƙin ƙarshe na kowane gefe su ne za su fara nunawa: harafin "s" a bakin mawaƙi ya riƙa fashewa. Ka kuma gwada gudun na'urar da faifan gwaji mai ɗigo-ɗigo, ka tabbata 33⅓ ɗin ko 45 ɗin na gaskiya ne.

Gargaɗi: faifan 78 yana da tsagi mai faɗi, allurarsa ta fi ta LP, wato faifai mai dogon zango da ake juyawa a 33⅓, kauri wajen sau huɗu. Idan ka sa masa allurar LP za ta faɗa ƙasan tsagi ta kwaso shara, ita ma ta lalace.

4. Zaɓi inda za a daidaita sauti

Lokacin yanka faifai, da gangan ake rage sauti mai kauri a ƙara mai siriri. Mai kauri yana sa tsagi ya yi lanƙwasa masu faɗi da ke cin wuri, shi kuma mai siriri ana ɗaga shi ne domin in aka sauke shi wajen saurare, shuu ɗin fuskar faifai ya sauka tare da shi. Ƙa'idar RIAA, wadda aka tsayar a Amurka a 1954, ita ce ta fayyace adadin (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, dB kuma na ƙarfinsa): a 1,000 Hz ba a taɓa komai, a 20 Hz ana rage wajen dB 20, a 20,000 Hz ana ƙara wajen dB 20. Wajen saurare dole a juya wannan. Juyawar ce ake iya yi a wuri biyu.

Hanyar analog ita ce wadda kowa ya sani. Akwatin fono yana ɗaga sautin kuma ya daidaita shi a lokaci guda, abin da ya shiga kwamfuta kammalallen sauti ne. Kana jin waƙar yadda take tun lokacin ɗauka, don haka in wani abu ya karkace nan take za ka gane. Ba ta da wuyar saiti, kuma akwatin fono mai kyau ba ya kauce wa ƙa'idar da abin da kunne zai kama. Rauninta shi ne abin da aka ɗauka ya ɗauku. Idan faifan ba da RIAA aka yanka shi ba, sai ka koma manhaja ka warware RIAA ɗin sannan ka ɗora wadda ta dace, aiki biyu ke nan.

Hanyar dijital kuwa, ana ɗaga sautin kawai ba tare da an daidaita shi ba, a ɗauke shi ɗanye, sannan manhaja ta yi lissafin. Tana da fa'ida uku na gaske. Ta farko, gefen hagu da na dama suna samun gyara iri ɗaya sak, babu bambancin da ƙananan kayan lantarki ke kawowa. Ta biyu, ƙas ɗin karce yana nan da kaifinsa kafin a sauke sauti mai siriri, saboda haka manhajar cire ƙas ta fi saurin gane shi ta raba shi da kiɗa. Ta uku ita ce babba: kana iya gwada ƙa'ida daban-daban a kan ɗauka guda. Kafin RIAA ta game ko'ina, kamfanoni kowa da tasa. Columbia, wadda ta fito da LP a 1948, tana da tata, Decca na da FFRR, akwai ta NAB da ta AES, faifan 78 kuwa ba a magana. Wanda ya ɗauki irin waɗannan ɗanye zai zauna ya gwada har ya sami wadda muryar ta zauna daidai a kanta, ba tare da allura ta sake bin tsohon faifan ba.

Amma hanyar tana da sharuɗɗa, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Kan allura irin MM, wato mai maganaɗisu mai motsi, yana fitar da wajen milivolt 3 zuwa 5 ne kacal, yana buƙatar a ɗaga shi da kusan dB 40, kuma yana son ya tarar da mashiga mai nauyin ohm 47,000. Irin MC, mai naɗin waya mai motsi, ya fi haka rauni, yakan nemi wajen dB 60. Ke nan kana buƙatar akwatin fono mai maɓallin kashe RIAA, ko wanda aka ƙera shi ba ya daidaitawa tun asali. Irinsu ba su cika yawa ba, kuma sau da yawa sun fi na yau da kullum tsada. Sharaɗi na biyu, duk wani gunji da ya shiga bayan akwatin fono, ta waya ko ta akwatin USB, manhaja za ta ɗaga shi tare da sauti mai kauri. Gunjin wutar lantarki na 50 ko 60 Hz zai tashi da wajen dB 16 zuwa 17. Abin da ba ka ji ba lokacin ɗauka sai ya fito fili bayan gyara. Na uku, bit 16 ba ta wadatar a nan, sai 24.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Na'urar da ta karkata sautin a wurin yanka ta analog ce, kuma irin wannan karkatarwa tana ɗan gusar da lokacin isowar sassan sauti. Matatar dijital da ta kwaikwayi ta analog tana mayar da ƙarfi da lokaci duka. Wasu matatun kuwa, ciki har da irin wadda ake zana layinta da hannu a manhajoji da yawa, ƙarfin kawai suke gyarawa. Bambancin ba mai girma ba ne a kunne, amma wanda ya ɗauki wahalar hanyar dijital don neman daidaito bai kamata ya bar shi ba. Manhajar SoX, ita ma kyauta, tana da umarnin riaa da ke aiki irin na analog.

Ga ra'ayina. Idan faifanka na sitiriyo ne, ko an buga shi daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa yau, kuma yana da lafiya, bi hanyar analog da zuciya ɗaya. Ba ka yi asarar komai ba. Idan kuwa tarin naka na 78 ne, ko LP na farko-farko, ko faifai ne da ya sha karce wanda ba za ka sami wani kwafinsa ba, hanyar dijital ta cancanci kuɗinta da wahalarta.

Gargaɗi: kada ka zura wayar allura kai tsaye a ramin makirufo na akwatin USB don gudun sayen akwatin fono. Nauyin mashigar bai dace ba, sautin MM zai dushe, kuma in wutar volt 48 ta makirufo tana kunne tana iya ƙona siraran wayoyin da ke cikin kan allurar.

5. Haɗa wayoyi

Daga na'urar juya faifai zuwa akwatin fono, daga nan zuwa ramin LINE na akwatin USB, sai kwamfuta. Siririyar wayar nan ta uku da ke fitowa daga na'urar, ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND. In ka manta ta, gunji zai cika hedifon ɗinka. Wayar da ke tsakanin allura da akwatin fono ta zama gajera, don doguwa tana canja sautin MM, kuma ka nisanta ta da caja da wayoyin wuta. Idan gunjin ya ƙi tafiya kuma laftof kake amfani da ita, zare cajarta ka gwada a kan batir.

Gargaɗi: sau ɗaya tak ake daidaita sauti. Na'urori da yawa suna da ɗan maɓalli a baya mai PHONO da LINE. In yana kan LINE, an riga an daidaita a ciki. Ka sake bi da shi ta akwatin fono ko ta RIAA ɗin manhaja, sautin zai kumbura ya toshe kamar ana kiɗa a cikin randa. In kuma ba a daidaita ko sau ɗaya ba, za ka ji shi siriri, tsiii, babu ganga babu nauyi. Da ka ji ɗayan biyun nan, wannan maɓallin za ka fara dubawa.

6. Saita manhaja da ƙarfin shiga

Zaɓi akwatin USB a matsayin mashiga, tasha biyu (hagu da dama), bit 24, da 96,000 Hz. A hanyar analog 48,000 ma ta isa, amma a ta dijital ka tsaya a 96,000, domin lissafin matatar ya fi fita daidai a can saman sauti. A Windows ka shiga saitin sauti ka duba da idonka, saboda takan ɗauki na'urar USB a matsayin makirufo mai tasha ɗaya, ta kuma kunna mata gyare-gyaren murya. Kashe su duka.

Nemo wurin da kiɗa ya fi ƙarfi a faifan, ka saurara kana kallon ma'auni. A hanyar analog ƙololuwar ta tsaya wajen -6 dB. A ta dijital ka sauka zuwa -12 ko ƙasa, domin ƙas ɗin da ba a sauke ba yana harbawa sama fiye da kiɗan. Da maɓallin jikin akwatin za ka rage ƙarfi. Idan sauti ya riga ya fashe a mashiga, rage shi a manhaja ba ya gyara komai. Kada ka ji tsoron ɗauka da rauni kaɗan, bit 24 tana da fili mai yawa.

Tanadi wuri: a wannan saiti minti ɗaya yana cin kusan megabait 35, faifai mai minti 45 ya haura gigabait ɗaya da rabi.

7. Ɗauka

Share faifan da burushin kabon, share allura daga baya zuwa gaba, danna ɗauka, sannan ka sauke allura. Ɗauki gefe guda gaba ɗaya ba tsayawa, har da 'yan daƙiƙun shiru na farko da na ƙarshe. Kashe lasifika ka saurara ta hedifon, don ƙarar lasifika tana girgiza faifai ta koma cikin allura. Kada ka taɓa teburin, kada ka yi ta zirga-zirga kusa da shi. Ka zauna ka ji gefen duka, ta haka ne za ka san inda allura ta yi tsalle. Kafin ka juya ɗaya gefen, sake duba bakin allurar, sau da yawa za ka tarar ta tara ɗan curin ƙura.

Da ka gama, adana wannan ɗaukar yadda take a WAV ko FLAC, kada ka sake taɓa ta. Duk gyara a kan kwafi za a yi.

8. Gyara, bisa tsari

Jerin yana da muhimmanci. A ɗanyen ɗauka, fara da gyaran gudu in akwai buƙata, sai cire ƙas, sannan daidaita sauti. Wanda na'urarsa ba ta da gudun 78 yana iya ɗauka a 45 ya ƙara gudun a manhaja, amma in ta akwatin RIAA ya bi, dole ya warware RIAA ɗin tukuna kafin ya canja gudu, in ba haka ba gyaran zai sauka a inda ba wurinsa ba.

Wajen cire ƙas, fara da saiti mai sauƙi. Mai tsanani yana cin bakin ganga da kaifin kayan busa, yana ɗaukarsu karce. Manyan ƙas ɗin ka bi su da hannu. Ka ja hoton sautin ka faɗaɗa shi sosai har ka ga layin yana tafiya lanƙwai-lanƙwai, kwatsam ya harba sama kamar tsinke ya dawo. Wannan tsinken za ka zaɓa, ka sa masa Repair na Audacity, wanda ke cike gurbi da bai wuce ɗigo 128 na layin sautin ba. Aiki ne mai cin lokaci, amma ba ya taɓa sauran waƙar.

Bayan an daidaita sauti, yanke abin da ke ƙasa da 20 Hz, wanda galibi rugugin injin da ke juya faifai ne da lanƙwasar faifai. Idan faifan mono ne, sai yanzu za ka haɗe tasha biyun su zama ɗaya, bayan cire ƙas, kuma za ka ji ƙarar fuskar faifai ta ragu da kanta.

Ƙarshe, ɗaga ƙarfin zuwa -1 dB, amma ga faifan gaba ɗaya a dunƙule. In ka yi wa kowace waƙa daban, wadda aka so ta zo a hankali za ta yi ƙarfi ɗaya da mai amo, tsarin da masu aikin suka yi ya rushe.

Gargaɗi: ka yi hattara da maɓallin rage shuu. In ya yi yawa, murya takan koma wani iri, da ɗan ƙyalƙyali marar daɗi a bayanta. Ɗan shuu na faifai kunne yana mantawa da shi cikin minti ɗaya. Ni a mafi yawan faifai ba na taɓa wannan maɓallin sam.

9. Raba waƙoƙi ka adana

Sa alama a farkon kowace waƙa, ka bar ɗan numfashi kafin sautin farko don kada ka datse shi, sannan ka fitar da su gaba ɗaya. FLAC ce ta ajiya, ba ta zubar da komai kuma tana rage girman fayil sosai. Na waya ko mota, fitar da MP3 daga FLAC ɗin. In CD za ka buga, sauke zuwa bit 16 da 44,100 Hz a matakin ƙarshe, tare da kunna dither, wato ɗan shuu da manhaja ke ƙarawa don rage bit ɗin kada ya ɓata sauti. Cike sunan mawaƙi, sunan faifai, shekara, da lambar da kamfani ya buga a takardar tsakiya, ka ɗauki hoton bango gaba da baya.

Kwafin don amfanin kanka ne. Mallakar faifai ba ta ba ka izinin raba waƙoƙin a intanet ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

A cikin jakar kowane faifai ka ajiye 'yar takardar bayani: wane kan allura, wane nauyi, wane akwatin fono, ɗanye ne ko an daidaita, kuma da wace ƙa'ida. Ɗanyen fayil musamman ka rubuta a sunansa cewa ɗanye ne, don wanda ya buɗe shi bayan shekaru zai ji sauti siriri ya zaci lalatacce ne ya goge. Ajiye komai a ma'ajiya biyu daban-daban, ɗaya ba a haɗe da kwamfutar ba, kuma ka buɗe fayil biyu ko uku daga kwafin na biyu ka saurara kafin ka mayar da faifan cikin sabuwar rigarsa.